Umm Karrar da Fayil Ɗari Shida da Sha Ɗaya

Ƙarfe bakwai da kwata take isowa, kafin maigadi ya gama shan shayinsa na farko. Motar haya ke sauke ta a bakin gada, ta ƙaraso da ƙafa, jaka a kafaɗa, ledar gurasa da cuku a hannu. Ba ta shiga ta ƙofar ma'aikata. Ta zauren jira take bi, ta gaisa da waɗanda suka riga mu zuwa, masu sanda da masu keke, ta tambayi wannan ya jiki, ta ce wa wancan ya gyara zama kada ya danne dungunsa. Daga nan ta hau bene zuwa ɗakin nan da ba shi da taga, ta kunna fitila, ta ce, "Hajiya, mun tashi lafiya?"

Hajiya ba mutum ba ce. Manhaja ce, wadda matar nan, Sitt Nahida, wato Malama Nahida, da muke kira Umm Karrar, ta gina da hannunta shekara goma sha takwas da suka wuce, domin wannan 'yar cibiya tamu ta ƙungiyar agaji da ke yi wa mutanen Basra da ƙauyukanta ƙafar roba. Mu muka laƙaba mata sunan, saboda ta tsufa, tana da nawa, kuma ba a yi mata tsawa. Ni ne Falah, ana ce mini Abu Tiba, shekara goma sha tara ina zaune a tagar karɓar takardu. Ban san komai a kan kwamfuta ba sai abin da ya shafi tagata. Amma na san yadda wurin nan yake kafin Hajiya, don haka ina da bakin magana.

A da, takarda ce. Ka kawo takardarka, a sa ta cikin kwali, kwalin ya hau bene in ya ga dama. Mai kawu a ofis ya sami ƙafa cikin wata biyu, marar kowa ya shekara uku yana jan gindi. Na taɓa tsintar takardar wani manomi a ƙarƙashin tiren shayi, ta yi shekara ana ɗora mata kofi. Da Hajiya ta zo, sai fayil ya koma tafiya da kansa. Daga tagata ya je ofishin katin shaida a tabbatar da mutum, ya wuce kwamitin likitoci, ya wuce ma'ajin kaya, ya sauka wurin Usta Hikmat, shugaban masu ƙera ƙafa, sannan saƙo ya faɗa wayar mai shi cewa ya zo gwaji. Waɗannan wuraren kowanne da tasa kwamfutar, wasu ma a tsallaken kogi suke. Kowanne kuma yana da adireshinsa a intanet, ƙofar da Hajiya za ta ƙwanƙwasa ta miƙa fayil ta karɓi amsa. Da yake ƙafar sama da gwiwa hanyarta daban, ta ƙasa da gwiwa daban, hannu daban, na yara daban, gyara daban, adireshin nan sun kai ɗari biyu da sha huɗu. Kowace safiya sai Umm Karrar ta bi ta ga duk suna amsawa kafin ta karya kumallo.

Ba wanda ke ganin irin wannan aiki, sai ranar da ya tsaya. Shekarar da na'urar sanyaya ɗaki ta mutu a tsakiyar Yuli, fankar ɗakinta ta ɗauko daga gida, ta riƙa sayen ƙanƙara tana jerawa a baho gaban babbar kwamfutar, kwana tara. Mijinta, Allah ya jiƙansa, ya ce mata ashe yana da kishiya bai sani ba. Wata rana direban wani babban mutum ya zo da wasiƙa, a gaggauta wa ɗan'uwan maigidansa. Ta zaunar da shi, ta ba shi shayi, ta karanta wasiƙar har ƙarshe, ta ce, "Allah ya saka wa maigidanka da alheri. Lambar ɗan'uwansa ɗari uku da tara. Ƙara suga?" Usta Hikmat yana wurin, har yau in ya tuna sai ya yi dariya ya share ido.

Ke ce mai tsaron layi, Umm Karrar. Na faɗi haka sau da yawa a bayan idonki, ina alfahari, tun kafin layin ya biyo ta kaina.

Bara kwamitin amintattu ya sami mai ba da taimako, aka ce za a zamanantar da mu. Duk ofisoshin da muke hulɗa da su za su koma wata sabuwar cibiyar kwamfutoci a Bagadaza, Hajiya ma za a kwashe ta can. Ma'ana, duk adireshin nan ɗari biyu da sha huɗu za su canza rana ɗaya. Aka ba wani kamfani kwangila. Injiniyansu ya zo, mutum mai furfura kaɗan da turare mai yawa, aka tara mu a ofishin darakta, Ustaz Mazin.

Injiniyan ya ce, "Abu ne mai sauƙi. Umarni ɗaya zan rubuta, ya nemo tsohon adireshi duk inda yake, ya cire, ya sa sabo. Minti huɗu an gama."

Umm Karrar ta ce, "Hanyoyin za ka canza ke nan, Injiniya. Matafiyan da suka riga suka tashi fa?"

"Waɗanne matafiya, Sitt?"

"Fayilolin da ke tsakiyar hanya. Duk fayil ɗin da ya bar tagar Abu Tiba, yana kwafar adireshin ƙofofin da zai bi ya sa a aljihunsa, a ɗinke aljihun, a buga hatimi. Umarninka ba zai taɓa aljihun ba. Ni na ɗinke shi, da gangan, don kada wani ya tare fayil a hanya ya karkatar da shi wurin kawunsa. Gobe in kun rufe tsofaffin ƙofofi, za su je su yi ta ƙwanƙwasa kufai."

Injiniyan ya yi murmushi irin na likitan da majiyyaci ke koya wa aiki. Ya ce su ma za su bi sabuwar hanya, haka ake yi ko'ina.

Ta ce, "Ko'ina ba ni na gina ba. Nan ni na gina. Abu ɗaya nake roƙo. Ku bar 'yar ƙaramar na'ura ɗaya a kunne wata uku, duk wanda ya zo tsohuwar ƙofa ta nuna masa sabuwa. Ko mai shago in ya tashi, ai yakan manna takarda a ƙofa ya ce mun koma layin baya."

Ustaz Mazin ba mugu ba ne. Mutum ne da ke tsoron rahoto fiye da yadda yake tsoron mutuwa. Mai ba da taimako zai zo, kuma rahoton dole ya ce an kammala ƙaura baki ɗaya, ba saura wata uku ba. Ya jingina da kujera ya ce, "Umm Karrar, gaya mana gaskiya, ba kya son a taɓa miki tsohuwarki ne kawai. Kada ki damu, ba za mu aurar da ita ba sai da izininki."

Aka yi dariya. Ni ma na yi, kuma tawa ta fi ta kowa ƙara, don ina kusa da darakta. Ta dube ni sau ɗaya, ta tattara takardunta.

Saura mata wata biyu ta cika sittin ta yi ritaya, kuma tana da hutun da ta tara ba ta ci ba. Washegari takarda ta fito cewa ta tafi hutun mako biyar, ta huta, ta sha wahala. Kowa ya gane abin da ake nufi.

Ranar canjin an yanka rago a bakin ƙofa, an shafa jinin a jikin garu kamar yadda ake yi wa sabon gida. Aka kafa babban allo a zauren taro. Injiniya ya danna, lambobi suka yi ta gudu, allo ya koma kore: ɗari biyu da sha huɗu cikin ɗari biyu da sha huɗu. Minti uku da rabi ma ya ɗauka, bai kai huɗun ba. Aka tafa, aka yi hoto, aka raba baƙalawa, alawar da muke ci ranar biki. Na shigar da sabon fayil don gwaji a gaban baƙi, ya wuce ofishin katin shaida kamar walƙiya. Wallahi ni ma na ce a raina, tsufa ne ya kama baiwar Allah.

Ga inda muka yi kuskuren da ba wanda zai yi sai mu. Fayil ɗin da ya ƙwanƙwasa ƙofa ba a amsa ba, ba ya ihu, ba ya nuna ja. Kalma biyu yake rubutawa a allona: ana jira. To, mu a garin nan, mene ne ba a jira? Ana jiran wuta, ana jiran ruwa mai daɗi, ana jiran aiki, ana jiran a kwashe nakiyoyin da aka binne tun muna yara. In mutum ya zo tagata na duba na ga ana jira, ban ga wani abu ba, na ga safiya ce ta waye. Sai in ce, "Ana jira, Hajji, koma gida, saƙo zai zo." Shi ma ya ce, "Allah ya kawo," ya juya da sandarsa, don shi ma bai ji wani sabon abu ba. Mako biyar ina faɗin haka, sau arba'in, sau hamsin a rana. Usta Hikmat yana zaune a ma'aikata yana wasa da carbi, sai 'yan gyare-gyaren sababbin fayil, yana cewa ikon Allah, mutane sun daina taka nakiya. Zaure kuwa a cike maƙil. Bango ɗaya ne tsakaninsa da su, amma ba wanda ya haɗa biyu da biyu.

Ta dawo ranar Alhamis. Ba ta yi minti ashirin a sama ba ta aiko a kira ni. Na same ta a tsaye, ba ta ko ajiye jaka ba.

"Abu Tiba, tun yaushe ka ga wani tsohon fayil ya motsa?"

Na leƙa allon da ke gabanta.

Ta ce, "Ɗari shida da sha ɗaya. Ba ɗaya da ya yi taku tun ranar da kuka ci baƙalawa."

Ba ta ce ai na gaya muku ba. Da ta faɗa, da na fi samun sauƙi.

Ta je wurin darakta. Darakta ya kira kamfani. Kamfani ya ce kwangilarsa adireshi ɗari biyu da sha huɗu ce, kuma ga hoton allo kore. Tsofaffin fayiloli, masu su su sake nema, ai sabuwar hanya tana da sauri. Sake nema na nufin komawa ƙarshen layi, bayan duk wanda ya shigo daga baya, a sake jiran kwamitin likitoci da ke zama sau ɗaya a wata. Shekara biyu ke nan, ga wanda Allah ya so. A cikinsu akwai wanda ya riga ya jira shekara biyun, saura masa ƙofa ɗaya.

Ustaz Mazin ya ce mata in tana da lokacin ɓatawa ta gyara abin da za ta iya. Amma ranar Alhamis ta ƙarshen wata, ƙarfe uku, za a cire tsohuwar babbar kwamfutar a fitar da ita, an riga an yi wa wani alkawarin ɗakin. Ranar ce kuma ranar ritayarta. Fayil ɗin da ya hau sabuwar hanya kafin nan ya tsira, wanda bai hau ba ya tafi da na'urar. Ta rubuta takarda tana roƙon ƙarin kwana uku. Ya rubuta a gefe, "A duba." Har yau ana dubawa.

Kwana goma sha ɗaya na aiki suka rage mata, har da wannan Alhamis ɗin. Da farko ita ma ta gwada yin su a dunƙule. Ta rubuta umarninta, ta gwada a kan fayil goma, uku suka faɗa ƙofar da ba tasu ba, har wani da aka yanke wa ƙafa sama da gwiwa ya sauka a layin masu ƙasa da gwiwa. Ashe can Bagadaza sun haɗe wasu ƙofofi, sun raba wasu, tsoho da sabo ba su yi daidai ɗaya bisa ɗaya ba. Dole sai da ido. A buɗe fayil, a ga inda ya tsaya, a warware hatimin da mabuɗinta, a nemo sabuwar ƙofar da ta dace da shi, a mayar da hatimi, a tura, a jira amsa. Minti takwas, in intanet ya yi mutunci. Ƙarfe uku maigadi ke kashe janareta ya kulle gini. Juma'a da Asabar ba a buɗewa. Ta nemi mabuɗin gini, aka ce ba a ba mace mai shirin ritaya mabuɗin gini, wai doka ce, ban san wa ya kafa ta ba.

Ta jera su, mafi daɗewa a sama, ta fara. Ta daina sauka gaisawa da safe. Gurasarta ta riƙa bushewa a leda. Usta Hikmat ya riƙa hawo mata da shayi yana ajiyewa, ya dawo ya ɗauke shi da sanyinsa. A rana ta uku wayoyi suka fara ƙara a zaure. Wani dattijo daga Zubair ya miƙo mini wayarsa in karanta masa. Na ce an ce ka zo gwaji ranar Talata. Ya ce, "Ka ga, Ustaz, haƙuri ke nan, ai na ce sabuwar na'urar nan ta fi." Ban gyara masa ba.

Yanzu na zo inda ba na son zuwa.

Ina da suruki, Mizhir, mijin ƙanwata Najat. Yana ɗan shekara goma sha shida ya taka nakiya yana kiwon ɓauna, ƙafar hagu ta tafi daga ƙasan gwiwa. Mai gasa gurasa ne, shekara ashirin a tsaye gaban tanderu a gidan burodin wani mutum a unguwarsu. Ƙafar robarsa ta shekara tara, ta tsage, tana cin naman dungun har ya yi gyambo. Ya daina iya tsayuwa. Mai gidan burodin ya ce zai riƙe masa wurinsa wata biyu, uku, bayan haka shi ma yana da iyali. Fayil ɗin Mizhir bai daɗe ba, wata biyar ne, amma ya yi sa'a, an riga an auna shi, ƙofa ɗaya ta rage masa. Minti takwas, da sati mai zuwa yana kan ƙafarsa.

A rana ta bakwai na leƙa jerin. Shi ne na ɗari biyar da casa'in da takwas. Na san tana yin hamsin da biyu a rana. Ba sai an je makaranta ba.

Najat ta kira ni. "Yaya, an ce matar nan tana sakin fayiloli. Kai fa kana ciki. Shekara goma sha tara kana wurin nan, ba ka taɓa roƙon komai ba. Yau ma sai ka zauna kana kallo? Yara huɗu, Yaya."

Na hau bene. Umm Karrar ba ta ɗago ba.

Na ce, "Umm Karrar, don Allah, don darajar zaman da muka yi. Mizhir. Kin san shi, kin ci gurasarsa."

"Na san shi. Na ga sunansa tun ranar farko."

"Minti takwas ne. Ba wanda zai sani."

Ta tura fayil ɗin da ke gabanta, ta jira amsa, sannan ta juyo da allon wajena. Ta gangara ƙasan jerin, ta sa yatsa wajen ɗari biyar da saba'in.

"A nan zan tsaya, ko kusa da nan. In na ɗauko Mizhir, ɗaya daga cikin waɗannan zai faɗo. Zaɓa mini. Wannan? Ko wannan?"

"Ni ban san su ba."

"Ni ma ban san su ba. Shi ya sa ba wanda ya hawo bene dominsu."

"Surukina ne, Nahida!" Ban taɓa kiran ta da sunanta ba sai ranar.

Ta ce, "In na yi maka, gobe maigadi yana da ɗan'uwa, Usta Hikmat yana da maƙwabci. Mun koma kwali ke nan, Abu Tiba. Ka yi haƙuri. Ka cinye mini minti biyu."

Na ce mata na'ura ta cinye mata zuciya. Na ce ita ta ɗinke aljihun nan tun farko, laifinta ne. Na ce Allah ya isa. Ta saurare ni tana buɗe fayil na gaba, hannunta bai tsaya ba. Na sauko na zauna a tagata, na tsane ta, tsana ta gaske, kwana huɗu.

Ranar ƙarshe an shirya mata walima ƙarfe goma sha biyu. Ta aiko tana roƙon a ɗaga zuwa bayan uku. Ustaz Mazin ya ce an riga an kawo kek, mai hoto yana da wani wuri. Da kansa ya hau ya sauko da ita. Ya yi jawabi a kan sadaukarwa, ya miƙa mata allon katako mai rubutun zinare, aka ce ta yi murmushi, aka sake ɗauka don ta rufe ido. Tana tsaye tana kallon agogon bango. Minti arba'in aka ci. Fayil biyar ke nan, mutum biyar, kuma mun tafa.

Ƙarfe uku saura minti biyar mutum biyu suka hawo da baro. Ta ce su bari ta gama wanda ke hannunta. Suka bari, Allah ya saka musu. Amsa ta zo, ta ɗauke hannu. Ɗari biyar da saba'in da huɗu. Talatin da bakwai suka rage, Mizhir na cikinsu. Suka zare wayoyi, suka ɗora na'urar a baro, ta yi musu kashedi su kula da matakala ta uku, tana da karaya. Ta bar allon katakon a kan tebur, maigadi ne ya bi ta da shi har bakin titi.

Mai gidan burodi ya ƙara wa Mizhir sati uku a kan alkawari, sannan ya ɗauki wani.

Bayan wata guda ta kira ni, ta ce in raka ta gidansu. Na ce ba na jin za a ji daɗin ganinta. Ta ce ba jin daɗi za ta je nema ba. Najat ta buɗe ƙofa, ta gan ta, ta juya ta shige ciki ba ko sannu. Mizhir na zaune a tsakar gida a kan tabarma, ƙafar robar na jingine da bango. Umm Karrar ta zauna a ƙasa, ta gaya masa komai, ba ta rage ba. Ta ce ta ga sunansa kullum, kwana goma sha ɗaya, kuma da ta ga dama da ta yi.

Ya ce, "Nawa kika fitar?"

"Ɗari biyar da saba'in da huɗu."

"Duk sun riga ni?"

"Duk sun riga ka."

Ya gyaɗa kai. "To, ba ki zalunce ni ba, Sitt. Amma ba zan yi miki ƙarya ba. Da kin tsallake su kin zo kaina, da na ji daɗi, kuma da ban tambaye ki wa kika tsallake ba." Ya ɗaga murya ya ce, "Najat, kawo wa baƙuwa shayi." Shayin bai zo ba. Muka zauna kaɗan, muka tashi.

Umm Karrar, ke ce kika faɗi gaskiya aka yi miki dariya, kika dawo kika kwashe ɓarnar masu dariyar ba tare da gori ba. Mutum ɗari biyar da saba'in da huɗu suna tafiya a garin nan, ko za su yi tafiya, ba ɗaya da ya san sunanki. Sun ɗauka sabuwar na'ura ce. Rahoton da aka aika wa mai ba da taimako ya ce ƙaura ta yi nasara ɗari bisa ɗari, kuma ba ƙarya ya yi ba, abin da aka ƙirga ke nan. Na gode miki a madadinsu, tunda ba su san za su gode ba. Ki yafe mini dariyar, ki yafe mini Allah ya isan. Ban ce na daina jin zafin abin da kika yi mini ba. Ina ji, kuma na san da ni ne a kujerarki da na yi wa surukina, da wani da ban sani ba ya faɗo, da na yi barcina lafiya. Shi ya sa ke ake yi wa wannan rubutu, ba ni ba.

Ku kuma da ake ba wa irin wannan aiki, a Basra ko a ko'ina, ba zan ruɗe ku da cewa akwai sakamako ba. Ita allon katako ta samu, da gabar ƙanwata. Duk da haka ku yi koyi da ita. Kafin ku danna abin da zai canza komai cikin minti huɗu, ku nemi tsohuwar ma'aikaciyar da ke ɗakin da ba taga, ku zauna ku ji ta bakinta, kada ku tura ta hutu.

Mizhir ya zo tagata makon jiya, a kan sanda biyu, ya sake nema daga farko. Ni na shigar da shi da hannuna. Na'urar ta ba shi ranar ganin likitoci nan da wata ashirin da biyu. Ya ce in rubuta masa a takarda kada ya manta, na rubuta.